Sama tana fitowa fari fat a hotunana, in sayi sabon lens?

Ka ce duk hoton duwatsu da ka ɗauka sai sama ta fito fari fat, ƙasa kuma ta yi duhu, kana tambaya ko sabon lens zai magance. A'a ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna.

Matsalar ta haske ce. Ido yana iya ganin wuri mai haske da mai inuwa a lokaci guda, kyamara ba ta kai shi ba. Da tsakar rana bambancin ya fi ƙarfinta, dole ta bar ɗaya. Ka riƙa fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi ƙasa.

Sannan ka auna hasken a kan sama. Inda ya yi duhu ana iya farfaɗo da shi a kwamfuta, musamman in a tsarin RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta tace shi ba, amma inda ya ƙone fari, ya tafi ke nan. Ka bar ISO, wato saitin yadda kyamara take jin haske, a 100, buɗewar lens kuma tsakanin f/8 da f/11 (in lambar ta ƙaru, ƙofar shigar haske tana ƙara tsukewa). Kada ka matse har f/22 wai don komai ya fito tsaf, a can kaifin hoto raguwa yake.

In kuma hannunka ƙaiƙayin sayayya yake, sayi ƙafar kyamara mai ƙwari. Da ita za ka ɗauki hoto uku na wuri ɗaya ba tare da kyamara ta motsa ba, mai duhu, matsakaici da mai haske, ka haɗe su a kwamfuta.