Dala 24 ɗin Anti ba ta kai dala 17 ɗinki ba

Wata baiwar Allah da ke zaune a Amurka, mai aikin CNA, wato mataimakiyar nas mai satifiket, ta turo wannan tambayar:

"Salam Malam. Ina aikin CNA a gidan kula da tsofaffi, shekara ɗaya da rabi ke nan, ana biyana dala 17 a awa kuma wallahi kuɗin ba sa kai ni ƙarshen wata. Anti, matar kawuna, ta ce in ajiye aikin, akwai wani tsoho da iyalansa ke neman mai kula da shi a gida, dala 24 a awa, ita za ta riƙa karɓar kuɗin tana ba ni a hannu. Kuma ina ganin 'yan mata a TikTok suna cewa suna samun dubbai a sati da aikin ejensi, wato kamfanonin da ke tura ma'aikata su cike gurbi a wurare daban-daban. In ajiye ne?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kar ki ajiye, aƙalla ba don wannan tayin ba. Kin faɗa min dala 17, kin faɗa min dala 24, amma ba ki faɗa min awa nawa za ki yi wa tsohon a sati ba, ba ki faɗa min nawa ke shiga asusunki bayan an cire haraji ba, ba ki ce komai kan inshorar lafiya ba. Kuma na tabbata ba ɓoyewa kika yi ba, ba ki sani ba ne. Shekara ɗaya da rabi ana ba ki takardar albashi duk sati biyu, ba ki taɓa zama kin karanta ta layi-layi ba, yanzu kuma kina shirin miƙa lissafin guminki kacokan ga Anti. Wannan shi ne kuskurenki, ba ƙarancin albashin ba.

Mu buga lissafin tare. Awa 40 a kan dala 17 ya kama dala 680 a sati. A ciki ana cire miki kashi 7.65 cikin ɗari na harajin Social Security da Medicare, wato na fansho da inshorar lafiyar tsofaffi, wajen dala 52, mai aikinki kuma ya biya irin wannan daga aljihunsa. Aikin gida da wuya ya cika awa 40, a ce ma kin samu 30, dala 720 ke nan. To amma wanda ake biya ba a kan W-2 ba, wato takardar harajin da mai aiki ke ba ma'aikacinsa, shi ke ɗaukar kason biyu duka, kashi 15.3, wajen dala ɗari ta tafi. Kin ga kin dawo daidai inda kike, alhali ba inshora, ba hutun da ake biya, ba diyya in kin ji rauni. In kuma nufin Anti shi ne a karɓa a yi shiru kar hukumar haraji ta IRS ta sani, wannan wani rikicin ne daban, kuma sunanki ne a ciki ba nata ba, musamman in takardun zamanki ba su gama daidaita ba.

Ga abin da zai ba ki mamaki ma. Dokar tarayya ta ce abin da ya haura awa 40 a sati ana biyansa ɗaya da rabi, wato obataim ɗinki a inda kike yanzu dala 25 da rabi ne a awa. Ya fi na Anti. Duti ɗaya na awa takwas da kika ƙara dala 204 ne, kuma gidajen tsofaffi kullum cikin neman wanda zai toshe gurbi suke.

Na taɓa zama da wata da ta bi irin wannan hanyar sak. 'Yar uwarta ce ta haɗa ta da wasu iyali, ita ke karɓa ita ke rabawa, sai daga baya ɗiyar tsohon ta yi suɓul da baka ta faɗi nawa suke biya a awa, ashe kusan kashi ɗaya cikin uku yana maƙalewa a hanya. Ta kasa ɗaga maganar saboda zumunci, ga kawu ga yara ga kunya. Ana nan wata rana tana ɗaga tsohon daga banɗaki ita kaɗai ba na'urar ɗagawa ba mai taya ta, bayanta ya riƙe, ta kwanta makonni ba sisi, don ba wanda ya yi mata inshorar rauni a wurin aiki. Kafin ta miƙe iyalan sun kai mahaifinsu gidan kulawa, aiki ya ƙare da saƙo ɗaya a waya. Da ta je neman hayar ɗaki aka ce ta kawo takardun albashi na watannin baya, babu ko ɗaya. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne satifiket ɗinta, don ƙa'idar ita ce in aka yi wata 24 a jere ba ki yi aikin jinya na albashi ba sai kin sake horo ko jarrabawa, kuma wasu jihohin ba sa ƙirga aikin gida in ba nas ce ke sa ido a kanki ba. Sai da ta sha fama kafin sunanta ya koma rajista.

Ba na cewa Anti macuciya ce, ban san ta ba. Amma in tayin na gaskiya ne ki ce mata kina so ki zauna da iyalan da kanki, su rubuta awowi da kuɗi, su biya ki kai tsaye da takarda. Yadda fuskarta za ta yi idan kin faɗi haka ya ishe ki amsa.

Su kuma 'yan TikTok, don Allah ki ƙyale su. Sati mafi kyau suke nunawa, ba sa nuna satin da aka soke musu duti uku da asuba bayan sun riga sun sa kaya, ba sa cire kuɗin mai da ɗaki da haraji. Ejensi na biyan awa da tsoka, gaskiya ne, amma ma'aikacin ejensi ake fara sallama in marasa lafiya sun ragu. A yi shi a matsayin ƙari ranar hutu, ba a saki reshe a kama ganye ba.

To ina kuɗin yake? Ki fara sanin inda rufin aikin nan yake. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka na 2023 sun nuna matsakaicin albashin CNA wajen dala dubu 38 ne a shekara, dala 18 da ɗoriya a awa. Kina ƙasa da shi kaɗan, don haka akwai wurin motsawa, amma ba wanda zai yi arziki da wannan satifiket ɗin shi kaɗai komai yawan canza gida.

Matakin kusa shi ne asibiti. Da shekara ɗaya da rabi a hannunki kin wuce sabuwar shiga, ki nemi gurbin da suke kira PCT, kusan aikinki ne sai ƙarin ɗibar jini da gwajin zuciya na EKG, kuma asibitoci da yawa su ke koyarwa. Galibi sun fi gidajen tsofaffi biya, inshorarsu ta fi, sannan akwai ƙarin kuɗi a kan kowace awa ta dare da ta ƙarshen mako, in jikinki da yaranki za su ɗauki aikin dare. Sai cibiyoyin wankin ƙoda, manyansu DaVita da Fresenius, suna ɗaukar mutum su horar da shi yana karɓar albashi, da sharaɗin ya ci jarrabawar satifiket cikin wata 18. Aikin da sammako ne sosai amma ɗaga mutane bai kai na gidan tsofaffi ba, bayanki zai gode miki. Asibitocin tsofaffin sojoji na VA ma suna biya da kyau, sai dai yawanci ɗan ƙasa suke ɗauka.

Duk inda kika je, tambayar da ta fi dala ɗaya ko biyu muhimmanci ita ce, kuna taimaka wa ma'aikaci da kuɗin makaranta? Doka ta bar mai aiki ya biya miki har dala 5,250 a shekara na karatu ba tare da an cire haraji ba. Kwas ɗin LPN, wato nas mai lasisi ta matakin da ke sama da CNA, kusan shekara ɗaya ne, a zana jarrabawar lasisi ta NCLEX-PN, kuma a waɗancan alƙaluman na 2023 matsakaicin albashinsu ya kusa dala dubu 60. Bambancin ya haura dubu 20 duk shekara. Ni a wurina wurin da ke biyan 18 ya ɗauki nauyin karatunki ya fi mai biyan 20 da ba ruwansa da ke. Ki kuma yi hattara da bonas ɗin sa hannu da ake liƙawa a talla da manyan baƙaƙe, ki karanta sharaɗin, sau da yawa gutsi-gutsi ake bayarwa kuma in kin tafi kafin wa'adi sai kin mayar.

Kafin ki cike fom ko ɗaya, ki tattaro takardun albashinki na wata uku, ki sayi ɗan littafi. Ki rubuta awowin da kika yi da waɗanda aka biya ki, ki duba ko sun zo daidai, don ana yawan cire rabin awar cin abinci ko da ba ki zauna ba. Ki rubuta abin da ya shiga asusu, da abin da kike turawa gida duk wata, wanda ba ki ambata ba amma ina zargin shi ne rabin dalilin da kuɗin ba sa kai ki ƙarshen wata. In kin samu tayin asibiti a rubuce, ki kai wa shugabar nas ɗinku ta gani kafin ki ba da notis, wani lokaci nan take ƙarin da aka ce babu yake fitowa. In sun ƙi, ki ba su sati biyu, ki rabu da su lafiya, don su za a kira a tambaya game da ke.