Amsa ga mai tambaya kan sayen tsohon babur na hannu

Ɗan'uwa, ka ce an yi maka tallan babur mai shekara goma sha biyu, kana tsoron kada injin ya zame maka kullum sai bakanike. Na riƙe babura na hannu guda uku, ga abin da na gani.

Shekaru ba su cika kashe inji ba, rashin canjin baƙin mai ne ke kashe shi. Ƙananan babura baƙin man da ke cikinsu bai wuce lita ɗaya ba, kuma shi ke shafe inji da giya da kuloci gaba ɗaya, don haka yake saurin gajiya. Ni ba na wuce kilomita 1,500 ban juye ba. Kuma ka nemi na babur, wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan, domin wasu na mota sulɓinsu kan sa kuloci ya riƙa zamewa.

Ranar da za ka je dubawa, ka roƙi mai shi kada ya tayar kafin ka iso. Ka ɗora hannu a kan injin ka ji da sanyi. Babur ɗina na farko da zafinsa na same shi, bugu ɗaya ya tashi, na biya ina murna. Washegari da safe sai da na yi ta buga kik har gumi ya keto mini, da ya kama kuwa shuɗin hayaƙi ya cika gidan. Ringin fistin da ke cikin inji ne ya cinye, yana barin baƙin mai ya haura ya ƙone. Abin ya yi mini ciwo sosai, don ban yi wata guda ba aka sauke injin.

To ka tsaya bayan salansa ka lura da launin hayaƙin. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, sai dai idan irin injin da ake haɗa wa mai da fetur ne, wannan ɗabi'arsa ce. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, galibi kafireto ko matatar iska, gyara ne mai sauƙi. A kwance fulogi ma a duba bakinsa: in ruwan ƙasa ne lafiya lau, in jiƙe yake da mai akwai magana.

Sai kunne. Ƙara siririya daga saman inji yawanci bawul ne ke son saiti, ba ta tayar mini da hankali. Wadda nake gudu ita ce bugu mai nauyi daga ƙasa, mai ƙaruwa idan ka ja wuta. Wannan in ka ji, ka haƙura da cinikin ko da an rage maka.

Irin babur ɗin ma yana da tasiri. Honda CG125, wanda ya fito tun shekarun 1970, an ƙera injinsa ne musamman don ya jure hannun masu sakaci da gyara, shi ya sa har yau ake kwaikwayon ƙirarsa. Kafin ka biya, ka tabbatar ana samun kayan gyaran naka ba wahala.

In Allah Ya sa ka saya, ranar farko ka juye baƙin mai, ka sa a wanke kafireto a saita bawul, ko da mai shi ya rantse jiya ya yi.