Zauren Kwamfuta: Sirrin da ya fi ƙarfin ma'ajiyar Windows

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta wata ƙaramar manhaja da Python, wadda take aika lissafin cinikin shagonmu zuwa Google Sheets. Fayil ɗin izinin da Google ta ba ni ya haura haruffa 2,000. Na yi amfani da keyring, kundin Python mai adana kalmomin sirri, in ajiye shi a Credential Manager, wato ma'ajiyar sirri ta Windows, sai kuskure mai lamba 1783 yake fito min. Gajeriyar kalmar sirri kuwa lafiya lau take shiga. Ina matsalar take? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Madalla da ba ka zube wannan fayil a fili cikin kwamfutar shago ba, domin duk wanda ya same shi ya samu lissafinku.

Laifin ba na rubutunka ba ne. Credential Manager yana da iyaka: abu ɗaya ba ya wuce bayit 2,560. A zamanin Windows XP ma 512 ne kacal. Sannan keyring yana rubuta sirrin da tsarin UTF-16, inda kowane harafi yake cin bayit biyu, don haka abin da ya rage maka bai wuce haruffa 1,280 ba. Fayil ɗinka ya kusa ninka hakan. Saƙon kuskuren ba ya ambaton girma ko kaɗan, shi ya sa mutum yake ta laluben inda ba nan ba ne.

Dabarar da ke fara zuwa wa kowa ita ce ya yanka sirrin gida biyu ko uku, ya ajiye kowane yanki da sunansa. Ni ma na taɓa yi, a wata manhaja da na haɗa wa wani kantin magani. Wata uku tana aiki. Ranar da muka zo sauya sirrin, an rubuta yanki na farko, kafin na biyu wuta ta ɗauke, kwamfutar tebur ce kuma babu batirin ko-ta-kwana. Da aka kunna, rabi sabo rabi tsoho. Har bayan isha'i ina zaune a kan benci a bayan kanta, mai kantin yana rubuta ciniki da biro a littafi, yana leƙo ni lokaci-lokaci bai ce komai ba. Tun daga ranar ban ƙara ba kowa wannan shawarar ba.

Abin da za ka yi shi ne abin da masu shago suka saba: kaya a sito, makulli a aljihu. Ɗauko kundin cryptography na Python, ka sa Fernet, kayan kulle bayanai da ke cikinsa, ya ƙirƙiro maka makulli. Haruffa 44 ne kawai, zai shige Credential Manager ba gardama. Da shi za ka kulle babban fayil ɗin, ka ajiye kullallen a jakar AppData ta mai amfani da kwamfutar. Idan manhajar ta tashi, ta karɓo makulli daga keyring, ta buɗe fayil ɗin cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta kawai, kada ta sake rubuta shi a buɗe. Chrome ma a kwamfutocin Mac haka yake yi, ƙaramin sirri a Keychain, ma'ajiyar sirri ta Mac, kullallun bayanai a faifai. Kuma tsarin nan zai bi ka har Mac da Linux, sai dai ka sauya jakar ajiya, tunda AppData ta Windows ce.

In za ka sabunta fayil ɗin, fara rubuta sabon da wani suna na wucin gadi, sannan ka kira umarnin os.replace na Python ya maye gurbin tsohon a lokaci guda. Ko wuta ta ɗauke, galibi ɗaya daga cikinsu zai tsira cikakke.

Sai dai ka sani, duk manhajar da ke gudana da asusunka na Windows tana iya karanta abin da ke cikin Credential Manager. Idan yaran shago suna hawa kwamfutar, buɗe musu asusunsu daban. Ainihin fayil ɗin da ka sauke kuma, duba jakar Downloads, na tabbata yana nan. Goge shi yau, ka kwashe kwandon shara. In ka taɓa tura shi ta WhatsApp ko imel, shiga Google Cloud ka soke wannan fayil ɗin izinin ka fitar da sabo.