Ku Tambayi Lauya: Shekara Nawa Ake Ɗaure Mai Safarar Yara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an yanke wa mutumin da ya sace yara a Kano ɗaurin shekara 104, sai kuma na ji wani mai irin wannan laifi an ba shi shekara bakwai kacal. Ba doka ɗaya ba ce? Daga wani malamin makaranta, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shari'ar da kake nufi ita ce ta yara tara da 'yan sanda suka gano a Anacha ta jihar Anambra a watan Oktoban 2019. A Yulin 2021 Babbar Kotun Jihar Kano ta ɗaure Paul Owne shekara 104 bayan ya amsa tuhuma 38 da aka karanta masa. Shekarun nan ba na laifi ɗaya ba ne. Kowace tuhuma da hukuncinta, kuma kotu ta ce ya yi su ɗaya bayan ɗaya, sai aka tara lissafi.

A nan ne bambancin yake. Ɗauki mutumin da aka samu da laifi huɗu, kowane shekara bakwai. Idan alƙali ya ce a yi su a jere, shekara 28 ke nan. Idan ya ce su tafi tare, shekara bakwai ce. Don haka in ka ji hukunci a rediyo, ka saurari wannan kalmar kafin ka saurari adadin.

Dokar tarayya ta hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar yaƙi da fataucin mutane ta ƙasa, NAPTIP, ke aiki da ita, mafi ƙarancin hukunci take faɗa. Safarar mutum: aƙalla shekara biyu da tarar naira 250,000. Saye ko sayar da ɗan Adam: aƙalla shekara biyar da naira miliyan biyu. Jefa wanda bai kai shekara 18 ba cikin karuwanci ko ɗaukar hotunan batsa: aƙalla shekara bakwai da naira miliyan ɗaya. Alƙali na iya hawa sama, ba ya iya sauka ƙasa. Kuma ɗauri ne haɗe da tara, domin dokar 2015 ta toshe ƙofar da tsohuwar doka ta bari ta a biya tara a tafi gida. Duk hukuncin da ya ba mai irin wannan laifi zaɓin tara, ya cancanci mai gabatar da ƙara ya ɗaukaka shi.

Akwai kuma lissafin gidan yari, wanda yake ba iyaye mamaki ran da suka ga mutumin a kasuwa. Ana yafe kashi ɗaya cikin uku ga fursunan da ya kama kansa, shi ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Shekara bakwai sai ta koma huɗu da wata takwas. Idan ya riga ya yi shekara biyu a tsare yana jiran shari'a, su ma ana lissafa masa su. A ganinmu wannan ya yi kaɗan ga wanda ya sayar da yarinya, kuma tarar da aka tsara a 2015 faɗuwar darajar naira ta cinye ta.

Tambaya: Wani magidanci a unguwarmu ya lalata 'yar ƙanwata mai shekara tara. Danginsa sun zo da dattawa suna roƙon a rufa asiri, za su biya kuɗin magani. Mijin ƙanwata ya fara saukowa. Idan muka ƙi, wane hukunci zai samu? Daga wata uwa, Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba yarinyar nan lafiya, Ya ba ku juriya. Ki ajiye maganar hukunci tukuna, asibiti ne farko. Maganin kariya daga cutar HIV yana aiki ne idan aka fara shi cikin awa 72, ana kuma shan sa kwana 28 ba fashi. Jihar Kaduna tana da cibiyoyin Salama da aka ware don irin wannan, a Kano kuma akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala. Ko da kwanakin sun wuce a kai ta, domin likita zai duba rauni da ciwon sanyi, ya rubuta rahoto.

Abin da ya fi kashe irin wannan shari'a a gida ake yin sa, kuma da kyakkyawar niyya. Uwa ta ga 'yarta cikin jini, ta ɗora ruwan zafi ta gasa ta, ta wanke wando da zane ta shanya. Hujja ta bi ruwa ke nan. Kada a yi mata wanka kafin likita ya gani. Kayan da ke jikinta a naɗe su cikin takarda mai tsabta ko ambulan, ba leda ba, saboda leda tana riƙe danshi ta ɓata abin da za a gwada.

Dalilin da ya sa muke nanata wannan yana cikin Dokar Shaida ta 2011. Yaron da bai kai shekara 14 ba yana ba da shaida ne ba tare da rantsuwa ba, kuma kotu ba za ta ɗaure mutum da maganarsa kaɗai ba sai an sami wata hujjar da ta ƙarfafa ta. Rahoton likita, tufafin, maƙwabciyar da ta ga yarinyar ta fito daga ɗakin tana kuka, su ne wannan hujja. A rubuta abin da ta fara faɗa da kalmominta, da rana da lokaci. Kada kowa ya zo ya sa ta maimaita, kada kuma a gyara mata zance, domin lauyan wanda ake tuhuma saɓani yake nema. A nemo takardar haihuwa, ko katin rigakafi, ko rajistar makaranta, tunda nauyin hukuncin ya rataya ne a kan shekarunta. Matasan unguwa kuma su riƙe hannunsu: amsa laifin da aka samu da duka, kotu watsi take yi da shi.

Hukuncin yana bin jihar da aka yi laifin. A Kaduna, gyaran dokar da aka sa wa hannu a Satumbar 2020 ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta tanadi ɗaurin rai da rai, ta kuma ce ba uzuri ba ne mutum ya ce yarinyar ta yarda ko ya zaci ta girma. Tsananin hukunci yana da nasa cikas: idan mai laifin ɗan uwa ne ko maƙwabci, dangi sukan gwammace su binne maganar da su ga an kashe shi. Wannan matsin ne ke kan mijin ƙanwarki yanzu.

Ki faɗa masa cewa shari'ar fyaɗe ta gwamnati ce, ba ta uba ba. Ba shi da ikon janye ta. Antoni janar kaɗai ke iya dakatar da ita. Abin da sulhu ke yi shi ne shaidu su daina zuwa kotu, a yi ta ɗage zama har a kori ƙarar, mutumin ya koma layin da sauran yara ke wasa. Ku kuma shirya wa jira. Kotun majistare tsare shi kawai za ta yi har ma'aikatar shari'a ta ba da shawara a kai fayil Babbar Kotu, kuma a wannan tsakanin fayil ke kwanciya. Ku karɓi lambar ƙarar, ku riƙa bibiya. Lauyan gwamnati na iya roƙon a saurari yarinyar a keɓe, ba a gaban jama'a ba.

Tambaya: Wata mata tana kawo mana 'yan aikatau daga ƙauye, ita ke karɓar kuɗinsu duk wata. Iyayensu ne suka ba ta su. Akwai laifi? Daga wata ma'aikaciya, Abuja.

Amsa: Akwai, Hajiya, kuma ba a kan dillaliyar kaɗai ba. Dokar 2015 ta ce wanda ya ɗauko, ko ya kawo, ko ya ajiye yaro ƙasa da shekara 12 a matsayin ɗan aikin gida zai sha ɗaurin wata shida zuwa shekara uku. Idan aikin mai cutar da lafiya ko ci gaban yaro ne, shekara biyu ce zuwa bakwai. Amincewar iyaye ba ta wanke kowa. Ki tambayi shekarun wadda ke gidanki yau, ki kuma bincika ko kuɗin yana isa hannun iyayenta. Ta wannan hanyar ta aikatau ake wucewa da 'yan mata da yawa zuwa gidajen karuwai, don haka in dillaliyar ta ƙi nuna miki garinsu, ki kai rahoto ofishin NAPTIP.

Tambaya: Mu a nan ana kwasar yara zuwa bara a Aljeriya. Me dokarmu ta ce? Daga wani ɗan kasuwa, Damagaram.

Amsa: Alhaji, dokar Nijar ta yaƙi da fataucin mutane ta Disambar 2010 ta tanadi ɗaurin shekara biyar zuwa goma idan babba aka yi safara, shekara goma zuwa talatin idan yaro ne. Wahalar tana wajen hujja, domin sau da yawa wadda ta tafi da yaron 'yar uwa ce, iyaye kuma sun karɓi wani abu. Wanda ya ga ana tara yara don tafiya ya rubuta lambar motar, da tashar, da ranar, ya kai wa jandarma ko 'yan sanda kafin motar ta kama hanyar Agadas.