Digirin Lauya Daga Ingila: Me Ke Jiran Ka A Gida?

Wani matashi ya rubuto mini daga Ingila, inda yake shekara ta biyu a karatun lauya. Mahaifinsa na son ya dawo gida da ya gama, shi kuma tambayarsa ita ce: da wannan digirin zai iya tsayawa gaban alƙali a Nijeriya?

Ɗana, ba kai tsaye ba. Da a zamanin Turawa ne, da ka huta. A lokacin, duk wanda aka rantsar a Landan sai ya dawo a rubuta sunansa ya kama aiki. Ta haka Sapara Williams, lauyan Nijeriya na farko, ya fito a 1879, haka ma Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori, wanda ya fara zama lauya daga Arewa a 1955. Matsalar ita ce suna dawowa da dokar Ingila a ka, alhali a gida shari'ar Musulunci da dokokin gargajiya da rigingimun gona ke jiran su. Shi ya sa aka kafa kwamitin Unsworth don duba yadda za a horar da lauyoyi a gida a 1959, aka yi doka a 1962, Makarantar Horon Lauyoyi ta buɗe a Legas a Janairun 1963 da ɗalibai 8 kacal. Yau hedikwatarta na Bwari, Abuja, tana da rassa har da Bagauda da Yola.

Tun daga nan kusan babu mai tsallake ta. Ku da kuka yi karatu a waje, sai kun fara da zangon da ake kira Bar Part I, inda za a koya muku tsarin shari'ar ƙasar, tsarin mulki, dokar filaye da ta laifuka. In ka haye, ka shiga Bar Part II tare da 'yan jami'o'in gida. Daga nan majalisar dattawan lauyoyi ta rantsar da kai, a sa sunanka a rajistar Kotun Ƙoli.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. A Ingila, darasin dokar shaida da na dokar kasuwanci sau da yawa zaɓi ne, ɗalibi na iya gamawa bai taɓa su ba. A gida kuwa ana neman su a takardar sakamakonka. Tunda kana da sauran shekara, ɗauke su yanzu, ko da abokai sun ce suna da wuya. Ka nemi jerin darussan daga makarantar da kanta, kada ka dogara da maganar rukunin WhatsApp, domin a can kowa malami ne.

Abin da zai yi maka daɗi: a gida ba a raba aikin biyu yadda ake yi a can. Lauya ɗaya ne ke rubuta yarjejeniya, shi ne kuma ke sa hular gashi ya shiga kotu.

Sai bautar ƙasa, in ka gama kafin shekara 30. Kuma duk shekara akwai kuɗin izinin aiki da ake biya kafin ƙarshen Maris, ko da ka koma waje kana zuwa jefi-jefi.

Ka shaida wa Baba tun yanzu cewa bayan digiri akwai sauran karatu sama da shekara guda, kada ya yi wa dangi alkawarin lauya a shari'ar gado ta baɗi.