Tambaya da Amsa: Gasar Ninkayar Matasa da Neman Gurbi a Jami'o'in Amurka

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu guda: yara masu ninkaya ta gasa, da yadda jami'o'in Amurka suke zaɓen waɗanda za su ɗauka. Mun taƙaita su, mun haɗe masu kama da juna.

Tambaya: 'Yata shekarunta 15, tana ninkaya a wani kulob a Amurka, kuma ta ciyo lambobi da dama a gasannin jiha. Kocinta ya ce a bar maganar jami'a sai ta samu lokacin shiga gasar ƙasa ta matasa. Lambobin ba su isa ba ne? (Daga wata uwa)

Amsa: Hajiya, gaskiya ya faɗa miki. A ninkaya agogo ne alƙali. Lamba tana nuna cewa yarinya ta riga waɗanda suka zo ranar taɓa bango, amma ba ta faɗin ko su waye suka zo. Kocin jami'a lokaci yake nema, da tsawon kwamin da aka yi shi, da ranar da aka yi shi.

Hukumar ninkaya ta Amurka, USA Swimming, ta jera gasanninta hawa-hawa. Daga gasar yanki sai Sectionals, sai Futures, sai gasar ƙasa ta matasa 'yan shekara 18 zuwa ƙasa, sannan ta manya. Ta matasan sau biyu ake yin ta a shekara: ta watan Disamba, wadda ake rabawa gabas da yamma, a kwami mai yadi 25, da ta bazara a kwami mai mita 50. Kowane hawa yana da lokacin da sai an cim masa kafin a shiga, kuma dole a yi shi a gasar da hukuma ta amince da ita, cikin wa'adin da aka ƙayyade. Lokacin da koci ya ɗauka da agogon hannu a wurin atisaye ba ya shiga lissafi, kome kyansa.

Sai dai kada ki ɗauka wanda bai kai gasar ƙasa ba ya rasa jami'a. Ɗaruruwan makarantu ne suke da ƙungiyar ninkaya, a rukuni na ɗaya da na biyu da na uku na NCAA, babbar hukumar wasannin jami'o'in Amurka, da kuma NAIA, hukumar ƙananan jami'o'i, da kwalejojin shekara biyu. Ga yadda za ku gane inda ta dace. Ku zaɓi jami'a, ku nemo sakamakon gasar ƙarshen kaka ta rukunin makarantun da take karawa da su, wadda galibi ake yi a watan Fabrairu. A tseren da 'yarki ta fi ƙwarewa, ku duba lokacin wadda ta zo ta 8, da ta 16, da ta 24 a zagayen safe. Yawanci a nan makin da ake ba ƙungiya yake tsayawa, wasu a 16, wasu a 24. In lokacinta ya faɗa cikin takwas na farko, kocin zai neme ta da kansa. In yana bakin na 16, akwai magana. In ya yi nisa da na 24, a sauko zuwa wani rukunin. Ku yi wannan lissafin a tsere uku, domin uku ake barin mutum ya shiga shi kaɗai a irin wannan gasa. Ku lura kuma da cewa iyon karɓa-karɓa na mutum huɗu makinsa ninki biyu ne, shi ya sa mai saurin yadi 50 da 100 da 200 na firistayil, wato iyon da ba a ƙayyade salo ba, ya fi kowa kasuwa, ko da wani ya fi shi suna a tsere guda.

Tambaya: Ɗana ba a Amurka yake ba, duk lokutansa a kwami mai mita 50 ya yi su. Yaya za su auna shi? (Daga wani mahaifi)

Amsa: Malam, jami'o'in Amurka a kwami mai yadi 25 suke gasa, wato mita 22.86. Yadi 100 mita 91.44 ne. To amma bambancin ya wuce na tsawo. A tseren 200, mai iyo a dogon kwami sau 3 yake juyawa a bango, a gajere kuwa sau 7. Duk juyi tunkuɗa ce daga bango da gudu a ƙarƙashin ruwa, inda doka ta yarda a yi har mita 15 kafin kai ya fito a firistayil da rigingine da salon malam-buɗe-littafi. Wanda ya iya kaɗa ƙafa a ƙarƙashin ruwa zai ci riba sau bakwai, wanda bai iya ba kuma sau bakwai za a bar shi a baya. Dogayen tsere ma ba ɗaya ba ne: madadin mita 400 da 800 da 1500, can yadi 500 da 1000 da 1650 ake yi.

Akwai shafukan intanet masu juya lokacin mita zuwa na yadi, amma ƙiyasi ne kawai. Shawararmu, ku aika da ainihin lokacin, ku rubuta cewa na mita 50 ne, ku bar koci ya yi nasa lissafin. Ya fi ku sanin yadda ake yi, kuma ba ya son a yi masa kwalliya da lamba. Ku haɗa da bidiyon tsere cikakke daga tsalle har taɓa bango, wanda juyin yake fitowa sosai. Ku tabbata sakamakonsa yana shafin SwimCloud, don nan suke fara dubawa. Idan ya taɓa wakiltar ƙasarsa a gasar matasa ta duniya ta hukumar ninkaya ta duniya, World Aquatics, wadda aka yi a Otopeni ta Romaniya a 2025, wannan ya zo a layin farko.

Hanyar ba sabuwa ba ce ga baƙi. Kirsty Coventry ta Zimbabuwe, wadda aka zaɓa shugabar kwamitin Olamfik na duniya a 2025, a jami'ar Auburn ta yi ninkaya. Léon Marchand na Faransa, mai zinare huɗu a Paris a 2024, daga Arizona State ya fito.

Abin da ya fi kayar da baƙi takardu ne. Sai an yi rajista da cibiyar tantance cancanta ta NCAA, an aika da sakamakon sakandare tun daga aji na tara a tsarin Amurka, wato shekara huɗun ƙarshe na sakandare, an nuna darussa 16 na tushe da matsakaicin maki 2.3 cikin 4 a rukuni na ɗaya ko 2.2 a na biyu. A kula da wannan sosai: a rukuni na ɗaya, wanda ya gama sakandare yana da rangwamen shekara guda. In ya wuce ta yana ci gaba da shiga gasa kafin ya fara jami'a, za a iya zaftare masa kakar wasa.

Tambaya: Ina aji na goma. Na rubuta wa koci biyar, ba wanda ya amsa. Sun ƙi ni ne? (Daga wani matashi)

Amsa: A'a, ɗana, doka ce ta ɗaure musu baki. Kocin rukuni na ɗaya ba shi da izinin kiranka ko yi maka maganar ɗauka sai ranar 15 ga Yuni bayan ka gama aji na goma. Ziyarar da makaranta take ɗaukar nauyinta kuma daga 1 ga Agusta take farawa, ba ta wuce kwana biyu. Kai dai ba a hana ka rubutu ba, kuma suna karantawa. Ka cike fom ɗin masu neman shiga da ke shafin kowace ƙungiya. Wasiƙarka ta zama gajeriya: shekarar da za ka gama, tsere uku da lokutansu na bana da na bara don a ga yadda kake ragewa, makin karatunka, da lambar kocinka na kulob. Kai za ka rubuta, ba Baba ba.

In an kai ga tayi, ka sani alkawarin baki ba ya ɗaure kowa. Sai an sa hannu a takardar tallafi, a shekararka ta ƙarshe.

Tambaya: Da gaske ne duk wanda aka ɗauka kyauta yake karatu? (Daga masu karatu da dama)

Amsa: Kaɗan ne ƙwarai. Shekara da shekaru iyakar rukuni na ɗaya kwatankwacin cikakken tallafin karatu 9.9 ne ga maza, 14 ga mata, a rukuni na biyu kuma 8.1 kowanne, ana yanka su gunduwa-gunduwa ana raba wa ƙungiya gaba ɗaya. Wani rabi, wani kwata, wani kuɗin littattafai kawai. Daga 2025, bayan sasanta shari'ar House, wadda 'yan wasa suka kai ƙarar NCAA, makarantun da suka shiga sabon tsarin an cire musu iyakar tallafi, an sa musu iyakar mutum 30 a ƙungiya, har da masu tsallen nutso. Cire iyaka bai tilasta wa kowa ƙara kuɗi ba, amma rage gurbi ya taɓa waɗanda a da ake ɗauka ba tallafi don a raine su. Rukuni na uku da jami'o'in Ivy League, irin su Harvard da Yale, ba sa ba da tallafin wasa ko kaɗan, sai na buƙata, a wasu makarantun rukuni na uku har da na ƙoƙarin karatu, kuma sau da yawa wannan yakan fi gutsuren tallafin wasa tsoka. Kafin a sa hannu a tambaya: na shekara ɗaya ne ko na huɗu? Me zai faru in kafaɗa ta samu rauni? Nawa ne ya rage a kan iyaye in an haɗa masauki da abinci da inshorar lafiya?

Tambaya: Yarana sukan yi kyau duk kaka, su je babbar gasa su ƙara lokaci. Ina matsalar? (Daga wani mai horarwa)

Amsa: Malam, fara da duba yadda kake sassauta atisaye. Mako biyu zuwa uku kafin gasa ake rage yawan mitoci, amma ba a rage zafin gudu. Wanda ya rage duka biyun yakan kai yaro ruwa jikinsa a mace. Manyan samari masu tsoka sun fi buƙatar dogon hutu, ƙananan yara da masu dogon zango kaɗan ya ishe su. Na biyu, a babbar gasa da safe ake tace masu zuwa zagayen ƙarshe na yamma, don haka yaron da ya saba sai yamma jikinsa yake tashi, ka riƙa sa masa tsere mai zafi da safe tun makonni kafin tafiya. Kada kuma ya sa sabuwar rigar gasa ko sabon tabarau a karon farko ranar tsere, ya gwada su a ruwa tukuna, har da tsalle daga kan dakali.