Sa hannun darakta ba ya buɗe ƙofar gidanka

Tambaya: Barista, ni ɗan kasuwa ne a Kano. Jami'an wata hukumar gwamnati sun zo da takarda mai hatimin ofishinsu da sa hannun daraktansu, suka bincike shagona, suka wuce har cikin gidana. Da ba su same ni ba sai suka tafi da ƙanena. Shin suna da wannan ikon?

Amsa: Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Mu fara da ƙanenka, domin shi ne ke tsare. Sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya haramta kama mutum a madadin wanda ake nema, haka ma dokar 'yan sanda ta 2020. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 kuwa ya ce a sanar da wanda aka kama dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Lauyanka ya je neman sakinsa yau.

Sai batun takardar. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa. Shi ya sa takardar izinin bincike da ta kamu suke fitowa daga hannun alƙali ko majistare, bayan mai nema ya kawo dalilinsa bisa rantsuwa. Hikimar a bayyane take: wanda ke zarginka ba zai zama shi ne mai auna ko zargin ya isa a keta maka gida ba. Darakta, komai girman kujerarsa, ɓangare ne a cikin rigimar. Yana iya gayyatarka ofis, amma gayyata daban, umarnin kotu daban.

Sai dai kada ka ɗauka duk shigar da babu takardar kotu haramun ce. Sashe na 45 na kundin ya bai wa majalisa damar taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaro ko lafiyar jama'a, kuma dokokin da suka kafa NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna) da NDLEA (hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi) da Kwastam sun ba jami'ansu ikon shiga wasu wurare ba tare da takardar kotu ba. Don haka a shago suna iya samun madogara. A gida nauyin ya fi yawa a kansu: dole su nuna sashen dokarsu da ya ba su wannan ikon, da dalili mai ƙarfi. A ganina nan ne ƙararka ta fi ƙarfi, musamman idan ba su bai wa matan gida damar kimtsawa ba kafin su kutsa.

Ka nemi kwafin takardar da jerin kayan da aka kwashe, ka rubuta sunayen maƙwabtan da suka gani. Lauyanka zai iya shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a Babbar Kotu ƙarƙashin sashe na 46 na kundin, ya nemi a dawo da kaya, a biya diyya. Ƙanenka ma yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Ka sani kuma, dokar shaida ta 2011 ta bar wa alƙali zaɓin karɓar abin da aka samo ta haramtacciyar hanya. Idan akwai matsala a kayan, ka faɗa wa lauyanka gaskiya kafin ka amsa kowace gayyata, kuma kada ka je kai kaɗai.